Ka je taron, ɗan'uwa, amma kada ka je kai kaɗai

Ɗan'uwa, sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin na fara rubutu. Ka ce wata takwas ke nan da ka yi ritaya, 'yan ajinku na sakandare sun kira haɗuwa bayan shekara 42 da rabuwa, kai kuma hankalinka ya ƙi kwanciya. Wasu cikinsu sun riƙe manyan muƙamai, wasu sun tara abin duniya, kai ko ka fito da ɗan fanshonka da rufin asiri. Kana tambaya ko zuwan yana da amfani, ko fama tsohon miki ne kawai.

Ka je. Ni ma sau biyu ana kira ina ƙirƙiro uzuri, sai a karo na uku na amsa, kuma har yau ina jin zafin biyun da na bari suka wuce, domin a tsakaninsu mun rasa mutum huɗu da ba zan ƙara gani ba.

Shekara 33 na yi ina aikin akanta, yau shekarata tara da ajiyewa. Watannin farko daɗi ne zalla: barci ya isa, babu mai jiran sa hannuna, babu rufe lissafin ƙarshen wata. Daga nan sai na lura wayata ta yi shiru. Wayar da a da sai na kife ta kafin in samu sararin magana da iyalina, sai ga shi tana wuni a kan tebur ba ta yi ƙara ba. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Robert Atchley, ya yi bayanin wannan tun a shekarun 1970, inda ya ce bayan ɗokin farko na ritaya mutane da yawa sukan faɗa wani lokaci na sanyin gwiwa kafin su sake samun inda za su tsaya. A wata na takwas kana tsakiyar wannan ramin ne. Duk awon da za ka yi wa rayuwarka yanzu, da karkataccen ma'auni za ka yi shi, saboda haka kada ka bar shi ya yanke maka hukuncin zuwa ko ƙin zuwa.

Ranar da na je, ina isa ƙofar zauren sai wani dattijo mai sanda, kansa fari fat, ya ƙwala mini kira da sunan tsokanar da rabona da jin sa tun ina ɗan shekara 18. Na tsaya ina kallonsa, fuskar ba ta ce mini komai ba. Sai ya yi dariya ya karkatar da kai gefe, wushiryarsa ta bayyana. Nan take na gane shi. Shekara uku muka yi a benci ɗaya, kamfas ɗaya muke karɓa-karɓa a darasin lissafi saboda nawa ya ɓace tun zangon farko. Muka rungume juna, sandarsa ta faɗi ƙasa, ba wanda ya kula ya ɗauka sai da wani ya zo wucewa. Daga baya 'yata ta ba ni labarin binciken da Harry Bahrick da abokan aikinsa suka wallafa a 1975, inda suka gwada mutum 392 da hotuna da sunayen 'yan ajinsu na sakandare. Idan aka ce mutum ya lissafo sunaye da ka, sai ka ga yawanci sun zube da tafiyar shekaru. Amma idan aka nuna masa hoto ko suna, ko bayan shekara 15 yana gane kusan kashi 90 cikin ɗari. Ashe mutanen nan suna nan a ajiye cikin kanka, jira kawai suke a taɓa su.

Ba zan ɓoye maka ba, abin da kake tsoro yana nan. Sa'ar farko ta nuna kai ce. Za ka ji wanda ɗansa ke ƙasar waje, da wanda ya sauka daga babbar kujera, za ka ga mai kaɗa makullin mota. Sai dai kasuwar ba ta daɗewa tana ci, don babu mai saye. Mutumin da ya gan ka kana zufa a gaban allo ka kasa warware tambaya, kuma kai ma ka ga ranar da ya yi kukan kewar gida, ba shi da inda zai ajiye muƙaminka, kai ma ba ka da inda za ka ajiye nasa. Mu abin da ya tashi kasuwar gaba ɗaya shi ne karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mu 41 ne a aji. Mai karantawa ya kai suna na tara, muryarsa ta sarƙe, wani ya karɓi takardar ya ƙarasa zuwa na 13. Allah ya jiƙansu. Bayan wannan ba wanda ya ƙara ambaton mota.

Daga nan ne aka fara hirar gaskiya, kuma ita ce nake so ka ji da kunnenka. Wanda ya fi mu duka ɗaukaka a wurin aiki, mutumin da kafin a gan shi sai an cika takarda, ya ce mana 'ya'yansa suna shigowa su gaishe shi cikin ladabi, minti biyar su tashi, su wuce ɗakin mahaifiyarsu. Can sai ya jiyo dariya ta ɓarke ta bayan bango, shi yana zaune shi kaɗai da rediyo. Ya ce bai ga laifinsu ba, lokacin da suke neman wanda za su yi dariya da shi yana ofis. Ya faɗi haka ne ba tare da neman tausayi ba, kamar mai karanta sakamakon jarrabawar da ya san bai yi wa karatu ba. Shi kuwa wanda yake zuwa na ɗaya kowane zango, wanda duk muka ɗauka farfesa zai zama, mahaifinsa ya rasu shekarar da muka gama, ya ajiye karatu ya riƙe ƙannensa bakwai da ɗan ƙaramin aiki. Duk sun yi karatu, shi bai koma ba. Na zaci zan ji ɗaci a bakinsa. Abin da ya ce kawai shi ne da ya sani da ya daure ya shiga ajin yamma tun yana ɗan 35, lokacin da nauyin ya fara raguwa, amma kunyar zama da yara ta hana shi.

Na daɗe ina juya maganarsa, saboda kusan kowa a wurin irin nadamarsa ke nan. Kaɗan ne suka yi kukan abin da suka aikata. Yawanci abin da suka fasa ne yake cin su: karatun da ba a ƙarasa ba, sana'ar da aka ji tsoron farawa, ɗan'uwan da aka yi ta cewa gobe za a shirya da shi har ƙasa ta rufe masa ido. Thomas Gilovich da Victoria Medvec, masu binciken halayyar ɗan'adam a jami'ar Cornell, sun nuna haka a shekarun 1990: a kusa-kusa mutum ya fi nadamar abin da ya yi, amma idan zamani ya yi nisa abin da ya bari bai yi ba ne ya fi damunsa. Ƙin zuwa taron nan yana cikin irin waɗannan.

Kada ka ji na ce kuɗi ba komai ba ne. Wanda yake lissafin ƙwayoyin maganin hawan jini ko za su kai shi ƙarshen wata ba zai yarda da wannan zancen ba, ni ma ban yarda ba. Amma akwai binciken da jami'ar Harvard ta fara a 1938, ta bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufansu, wasu ɗaliban jami'ar, wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston. Robert Waldinger, wanda yake jagorantarsa a yanzu, ya ce da suka duba abin da zai nuna lafiyar mutum a shekara 80, gamsuwarsa da mu'amalarsa da mutanensa yana ɗan 50 ta fi yawan kitsen jininsa faɗin gaskiya. Kai da aiki ya ɗauke maka abokan ofis rana ɗaya, ina za ka samo waɗanda za su maye gurbinsu? Sabon aboki a shekara 60 yana da wuyar samu. Waɗannan kuwa an riga an gama ginin tun tuni, ƙura kawai za a share. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wasu 'yan abubuwa da na koya da zama a irin taron. Ka tafi da tsohon hoto in kana da shi, yana buɗe bakin da gaisuwa ta kasa buɗewa. Ka rage tambayar "me ake ciki yanzu?" da "yara nawa?", domin ba ka san wanda ya binne ɗa ba, ko wanda bai taɓa samu ba. "Ka tuna ranar da…" ta fi sauƙin amsawa ga kowa. Idan ka ga wani ya yi shiru a gefe yana murmushi kawai, kada ka ɗauka girman kai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai tsanani, kuma a cikin hayaniya irin wannan mutum ba ya tsintar komai. Ka ja kujera kusa da shi, ka fuskance shi, ka yi magana a hankali. Sannan ka riƙe garatutinka da kyau. Ba a rasa wanda zai ja ka gefe da labarin wata harka mai riba. A nan ina magana ne da bakin akanta: zaman benci ɗaya ba ya maye gurbin takarda da shaidu, kuma na ga abotar shekara 50 ta mutu a kan irin wannan.

Za kuma ku yi musu a kan abin da ya faru, kowa da yadda ya riƙe shi. Ka bar kowa da nasa. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun lura cewa dattawa sun fi tuna abubuwan da suka same su tsakanin shekara 10 da 30, shi ya sa za ka ga wanda ya manta inda ya ajiye tabarau da safe yana kawo sunan malamin tarihi da irin takunsa. A da ana ɗaukar yawan waiwaye alamar ruɗewar tsufa. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ne ya rubuta a 1963 cewa bitar rayuwa aiki ne da zuciya take buƙatar yi idan shekaru sun ja, don a warware abin da ya ƙulle. Na ga haka da idona. Wani da ya addabi ƙananan yara lokacin yana shugaban ɗalibai ya taso ya durƙusa gaban wanda ya fi wahalarwa, ya ce shekara 40 abin yana damunsa. Ɗayan ya yi shiru har muka fara jin nauyi, sannan ya miƙa hannu ya tashe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa bayan an watse ya zo. Muna tattara kujeru sai abokin bencina ya ce mu ƙirga waɗanda suke raye amma ba su zo ba. Mutum tara. Muka raba sunayen, aka shiga nema. Biyu nisa ne ya hana su. Sauran, kusan duka, abin da yake hana ka ne ya hana su. Wanda ya faɗo a rabona sai da na yi wata biyu kafin na gano inda yake. Na same shi a wani ɗan ɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku da suka wuce, maganarsa ba ta fita sosai. Shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallonmu, mutumin da yake tashi sama kamar ba shi da nauyi. Na ajiye masa hoton ajinmu a cinya. Ya ɗaga hannun da yake aiki, ya rinƙa bin fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayen da ƙyar, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo kan nasa sai ya tsaya. Matarsa ta ce mini takardar gayyatar ta iso, ya sa an karanta masa sau uku, sannan ya ce a ɓoye ta, ba ya so a gan shi haka.

Daga wannan ziyarar muka buɗe ɗan asusu, ni nake riƙe littafin. Doka ɗaya muka sa: ba a faɗin abin da kowa ya bayar, ba a faɗin wanda aka ba. Muna da zauren hira a waya, amma gaskiya ya fi cika da gardamar siyasa da saƙonnin da ake turowa daga wani wuri, ba na dogara da shi. Abin da yake aiki shi ne kira, mutum da mutum, da takawa a je. Zumunta a ƙafa take. Mai tsaron gidan namu yanzu duk ranar Laraba akwai mai zuwa wurinsa, kuma a haɗuwar bara mu huɗu muka ɗauko shi da kekensa.

Saboda haka kafin ranar, ka kira mai shirya taron ka ce ya ba ka sunayen waɗanda ba su amsa gayyata ba. Ka zaɓi ɗaya da kuka taɓa shiri, ka neme shi, ka gaya masa kai ma ka yi ta jan ƙafa. Ka ce za ka biyo ta wurinsa ku shiga tare.