Tambaya da Amsa: Damina Ta Sauya Hali

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan a jere ina shuka masara da ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku, shukar ta ƙone, in koma sayen wani iri. Iyayenmu da ruwan farko suke shuka kuma suna samu. Me ya canza, kuma yaushe ya kamata in shuka? (Wani manomi daga Shika)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne suka canza, ruwan da kuma abin da ake shukawa. Ƙasar Zazzau tana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma yawansa ba shi ne babban abin damuwa ba. Yadda yake sauka ne ya rikice. Duniya na ƙara ɗumi, kuma duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa za ka ga ruwan mako biyu ya sauka a dare ɗaya, sannan sama ta yi tas. Su kuwa iyayenmu gero da dawa suka fi shukawa da ruwan farko, waɗanda ke iya yin yaushi su farfaɗo. Masara ba ta da wannan haƙurin, kuma ba ta mamaye gonakin Arewa ba sai wajen shekarun 1980.

Don haka ka daina bin ƙamshin ƙasa, ka riƙa auna ruwan. Samo gwangwani mai bakinsa daidai da gindinsa, ka ajiye a fili nesa da bishiya da rufi. Bayan ruwa ka tsoma rula: santimita biyu da rabi milimita 25 ke nan. In ka samu haka cikin kwana biyu ko uku, ka tona ƙasa ka tarar da laima ta kai tsawon tafin hannu, sannan hadari yana ci gaba da haɗowa, to ka shuka. A wannan yankin hakan ya fi samuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran ruwa zai zauna da lokutan da zai iya tsinkewa. Ka nemi na ƙaramar hukumarku wajen malamin gona.

Kada ka zuba gonar duka da iri ɗaya a rana ɗaya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru (IAR), wadda ke nan kusa da kai, tana da irin masara masu suna SAMMAZ: akwai mai kwana 110 zuwa 120, akwai mai 90 zuwa 95, akwai kuma ɗan gaggawa mai nuna cikin kwana 80 zuwa 85. Mai dogon zango ya fi bada buhu idan damina ta yi kyau, amma in shuka ta kai ka ƙarshen Yuni, ɗauki mai saurin nuna, don kada ruwa ya janye alhali masara na tsakiyar goyo. Kafin shuka, ka naɗe ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma na kwana biyar zuwa bakwai. In waɗanda suka tsiro ba su kai 85 ba, irin ya yi rauni. Tazara santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin rami, ƙwaya ɗaya-ɗaya.

Wata dabara da mutane ke rainawa ita ce tare kwarin kunya da 'yar tudun ƙasa duk bayan mita biyu, don ruwan ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu da taki. Sai dai tudun kada ya kai tsayin kunyar, kuma da Agusta ta kama a fasa shi, in ba haka ba ruwa zai kwanta ganyen masarar ya yi ruwan ɗorawa. Taki kuma binne shi ake yi a ƙasa mai laima: NPK kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, yuriya a mako na huɗu zuwa na shida. Yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasa, wani kaso iska za ta kwashe, wani kuma ruwa.

Tambaya: Gidanmu ginin ƙasa ne a cikin birni. Duk Agusta ruwa yana taruwa a tsakar gida, gindin katanga ya jiƙe, bara har wani ɓangare ya zube. An ce mu shafe ta da siminti. Hakan zai yi? (Wata uwargida daga Ƙofar Doka)

Amsa: Hajiya, siminti kai tsaye a kan ginin ƙasa yakan yi ɓarna. Ba sa kama juna. Da ya tsage sai ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, katangar ta ruɓe daga ciki, wata rana shafen ya ɓallo da ƙasar gaba ɗaya. Yaɓe da makuba, wanda magina ke haɗawa da kwasfar ɗorawa, ya fi dacewa da ita, a riƙa sabunta shi kafin damina.

Amma ciwon a gindi yake. A yi dakali ko daɓe mai gangara a jikin katangar yadda ruwa zai zame ya bar ta, a ƙara wa indararo tsawo don kada ya riƙa zuba a gindin gini. In rufin kwano ne, ku lissafa: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, a ruwan milimita 30, yana zubo lita 3,000, wato duro 15, duk a tsakar gida. A sa gata, wato magudanar da ke tare ruwan rufi, a bakin kwanon a kai ruwan cikin tanki mai murfi saboda sauro, a bar na mintunan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube. Wanda ya yi saura a yi masa rami cike da duwatsu, aƙalla mita uku daga gini. Sannan a duba rariya. Sau da yawa ledar fiyawata ce ta toshe ta, ko kwatar layin ce ta cike, wannan kuwa aikin gayya ne na unguwa, kuma a Mayu ake yinsa.

Tambaya: Mun dasa bishiyoyi goma a makarantarmu, biyu suka rayu. Ina kuskuren? (Wani malamin firamare daga Sabon Gari)

Amsa: Malam, yawanci awaki ne, ko gara, ko dashen makara. A dasa a ƙarshen Yuni ko Yuli don saiwa ta kama kafin rani. Rami santimita 50 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanye yana jawo gara. A yanke ledar dashen a cire, a kewaye bishiyar da shinge tun ranar. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kowace tana son bokiti ɗaya sau biyu a mako, ko a binne tulun ƙasa marar shafe kusa da ita a riƙa cika shi, ruwan ya riƙa tsattsafowa. Darbejiya da mangwaro suna bada inuwa, amma a ja su aƙalla mita biyar daga aji. Bishiyar turare kuwa kada a kai ta kusa da rijiya, shan ruwanta ya yi yawa.