Malam, kada ku sayi sabuwar kwamfuta tukuna, Python ɗin ce ta yi musu girma

Assalamu alaikum Malam, barka da yamma, da sauran jama'ar zaure. Na ji saƙonka tun da hantsi, ina kan hanya ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce an ba makarantarku kwamfutocin tebur 'yan gwanjo guda takwas masu Windows 7, kana son fara koya wa yara Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka sauke ta amma ta ƙi hawa, shi ne kake tambayar wace iri ya kamata ku saya. To ni Malam, abin da na jiyo a ƙarƙashin tambayar nan shi ne wani ya riga ya ce maka kwamfutocin sun gama aiki. Ba su gama ba. Kada ku fitar da ko kwabo tukuna.

Ga abin da ya faru, ko ban gani ba na sani. Ka shiga python.org, ka ga wannan babban maɓallin rawaya a gaba, ka danna. Shi kuwa kullum sabuwar da ta fito yake bayarwa. Su kuma masu Python tun daga fitowarta mai lamba 3.9 suka yi sallama da Windows 7. Ko ka kwana kana dannawa ba za ta hau ba. In ma wani ya yi dabara ya kwafo maka jakarta daga wata kwamfutar, sai ta ce maka wani fayil ya ɓace, mai dogon suna, api-ms-win-core-path da wasu lambobi. Fayil ɗin bai ɓace ba, Windows 7 dama ba ta taɓa mallakarsa ba. Kuma don Allah kada a bar wani yaro ya je ya sauko shi daga shafukan nan masu raba fayilolin DLL, nan ne gidan ƙwayar cuta.

Wadda za ka nema ita ce 3.8.10. Ka rubuta a takarda. Ta fito ne a watan Mayun 2021, kuma ita ce ta ƙarshe a layin 3.8 da suka haɗa mata abin girkawa na Windows. Za ka ga su 3.8.18, 3.8.20, kada lambar ta ruɗe ka, waɗannan ɗanyen rubutun manhajar ne kawai, sai ka harhaɗa da kanka, ba aikinka ba ne. Ba ta kai mega 30 ba, sau ɗaya za ka sauke a waya ka zuba a filashi ka zagaya duka takwas ɗin.

Yauwa, kafin ka sauke. Ka danna Computer da hannun dama na maus, ka shiga Properties. Abu biyu za ka duba a wurin. Na farko, ya ce 32 ko 64. Mai 64 ita ce sunanta yake da amd64 a ƙarshe, kuma kada ka ce ai naku Intel ne, sunan ne kawai haka, tana aiki a kan Intel lafiya lau. Ni in nine ma, mai 32 zan ɗauka in huta, don tana hawa kan kowanne, kuma yaron da yake koyon yadda ake lissafi da maimaita umarni ba zai taɓa jin bambanci ba. Na biyu, ka ga ko an rubuta Service Pack 1, wato babban tarin gyare-gyaren da Microsoft ta yi wa Windows 7. In babu, shi za ka fara sakawa, don yawancin Windows ɗin da masu gyara suke ɗorawa daga tsohon faifai tsirara take zuwa. Akwai kuma wani ɗan gyara na Microsoft da take nema, KB2533623, in ba ka same shi ba KB3063858 yana maye gurbinsa. In kuma ta yi kukan api-ms-win-crt, to wannan KB2999226 ne maganinsa. 

Sai wurin da kowa yake faɗuwa. Da ka buɗe abin girkawar, a can ƙasa akwai ɗan akwati an rubuta Add Python 3.8 to PATH. Ba a cike yake zuwa ba, kai za ka danna masa alama. Mutane sai su yi ta gaggawa su wuce shi, a gama, su buɗe baƙin allon nan na cmd su rubuta python, ta ce ba ta san shi ba, sai a ce ai ba ta hau ba. Ta hau. Ka gane, ita Python tafinta ce, kai ka rubuta da yaren da ɗan Adam zai iya karantawa, ita ta fassara wa na'ura layi bayan layi. To tafintan ya sauka a gari, amma ba a faɗa wa mai unguwa gidan da ya sauka ba. PATH ɗin nan shi ne kwatancen gidan. In ka riga ka wuce, sake buɗe abin girkawar, ka zaɓi Modify, a shafi na gaba akwai inda za ka ƙara ta. Ko ka rubuta py kawai, sau da yawa wannan yana amsawa.

Af, na yi ta cewa Windows 7. In a cikinsu akwai mai XP, don irin kayan nan ba sa zuwa bai ɗaya, to ita 3.8 ma ba za ta hau ba, iyakarta 3.4.4. Kuma gaskiya ban so ka koyar da ita, saboda salon rubutun nan da ake sa f kafin alamar zance, wanda kusan duk darasin YouTube yanzu da shi ake yi, sai a 3.6 ya shigo. Yaro zai kwafi abin da ya gani daidai, ta ce ya yi kuskure, ya zata shi ne daƙiƙi. Gara a ɗora mata Windows 7 in ram ɗinta ya kai giga 2.

To amma Malam, abin da nake so ka fara dubawa tun kafin duk wannan, agogo. Agogon da ke lungun sikirin a ƙasa. Wallahi wannan abu har yau in na tuna raina ɓaci yake. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da na yi koyo da ita, Core 2 Duo, na saka Python lafiya, amma duk lokacin da na ce pip, wato ɗan aiken Python mai sauko ƙarin kayan aiki daga intanet, ya sauko mini da wani abu sai jan rubutu ya cika allo, wai takardar shaidar shafin ba ta inganta ba. Burauza ma haka, kowane shafi sai ta ce ba amintacce ba ne. Na ɗauke ta a bayan babur na kai wa wani mai gyara. Ko minti biyu bai yi ba ya ce Windows ce ta lalace, sai fomatin. Na ce to. Ya yi fomatin, ya tafi da duk ɗan abin da na rubuta na wata da watanni, bai ko tambaye ni ba ko ina da abin ajiyewa. Na biya, na dawo gida, na kunna, ga jan rubutun nan yana jirana kamar ban je ko'ina ba. Na koma, sai cewa ya yi ai madabod ne, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ya fara tafiya, in kawo kuɗi ya nemo mini wani. Allah ya taimake ni ba ni da kuɗin a lokacin, da na bayar.

Sai wata rana da daddare idona ya kai kan kwanan wata. Kwamfuta tana zaune a 1 ga Janairu na wata shekara can baya, tun kafin in mallake ta. Ashe ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032, irin na makullin mota da sikelin awo. Shi yake riƙe agogo in an kashe wuta. Ya mutu, duk ɗauke wutar da aka yi sai ta koma tsohuwar ranar da aka saita mata tun daga kamfani. Ita kuma takardar shaidar shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya ce muna shekarar da ba a ma buga takardar ba, dole a ƙi ta. Batirin da kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. A kansa na rasa aikina, na biya kuɗin fomatin, na kusa sayen madabod. Kuma mutumin nan har gobe in mun haɗu cewa yake ai ya taɓa gyara mini kwamfuta. Kai, bari dai. Kwamfutocinku sun yi shekaru a sito kafin su iso, ina tabbatar maka rabinsu batirin ya mutu. In kana kunnawa ta tsaya ta ce ka danna F1, to shi ne. Ka sayi takwas ka canza duka, da farce ma ake ɓalle shi.

Ina muka tsaya? Yauwa, inda za su riƙa rubutu. Na san za a ce maka VS Code, manhajar rubuta umarni ta Microsoft. Kada ka yarda. Ita ma tun 2022 ta bar Windows 7, a 1.70 ta tsaya, kuma a kan giga 2 kafin ta buɗe an kaɗa ƙararrawar tashi. Akwai wata manhajar rubutun, IDLE, tana zuwa tare da Python kyauta, ba nauyi, ta isa shekara guda cur ana koyo. Akwai turtle a ciki, yara su sa kunkuru ya zana murabba'i da tauraro, ba ruwanka da intanet. In kana son abin da ya fi kyan gani, akwai Thonny, a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya aka yi ta don masu koyo, kuma suna da wadda aka haɗa da 3.8 a cikinta, za ka ga py38 a sunan. Tana nuna wa yaro yadda umarni yake tafiya taki-taki. Ita ma... ai in ka saka ta ba ka ma buƙatar wancan dogon zancen na PATH. Da na fara da ita ma. To amma Service Pack 1 ɗin dai yana nan dole.

Na ga wani ya rubuto a saka Linux a maimakon Windows. E, gaskiya ne, da Python ɗinta take zuwa, kuma wani nau'inta, Debian 12, yana da na 32. Amma wa zai riƙa duba muku in firinta ta ƙi? Wannan mu bar shi sai wani lokaci.

Abu ɗaya, kada ku jona su da intanet a bar yara suna yawo. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, ita ma 3.8 an rufe littafinta a Oktoban 2024. Don koyo a aji ba komai, amma ba wurin shiga asusun banki ba ne. Filashin ma guda ɗaya ka ware, kada ya je shagon buga takardu ya kwaso cutar nan mai mayar da fayiloli shotkot.

Gobe in Allah ya kai mu ka kunna guda ɗaya, ka ɗauko mini hoton shafin Properties ɗin da na agogon, ka turo nan. Hoton sikirin fa, ba na akwatin ba. Ga kiran magariba nan, sai na ji ka.