Gaɓar da ba a gina ba da makomar kifin salmon

Tambaya: Ina zaune kusa da Seattle a Amurka. A unguwarmu akwai guntun gaɓar teku da ba a taɓa ba, sai yashi da itatuwa. Ana shirin zuba bangon kankare a yi gidaje. Ɗan kwangila ya ce ba komai, ai gwamnati na ƙyanƙyasar salmon tana sakewa. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malam, da gaskiyarka. Wannan magana ta ƙyanƙyasa kullum sai na ji ta, ta kuma ishe ni. Tun 1895 ake ƙyanƙyasar salmon a jihar Washington, amma duk da haka a 1999 sai da aka sa Chinook, wani nau'in salmon, na Puget Sound, mashigin tekun da Seattle ke bakinsa, cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Da ƙyanƙyasa magani ce, da ba a kai nan ba.

Kifin da aka raina a kwarmin siminti, in an sake shi ina za shi? Wannan gaɓar dai. Ɗan Chinook da ya baro kogi bai fi tsawon yatsa ba, ba ya faɗawa zurfi. Gefe-gefe yake bi, inda manyan kifaye ba sa iya shiga, yana cin ƙwarin da ke faɗowa daga rassan itatuwa, yana laɓewa cikin ciyawar ruwa. Da an kafa bango, igiyar ruwa ta buge shi ta koma da yashin, gefen ya yi zurfi, inuwa ta tafi, ƙananan kifayen da ke zuba ƙwai a yashi su rasa wuri, su ne kuwa abincin salmon in ya girma. Ko miliyan nawa aka saki, yunwa da mafarauta na jiransu. Ɗan kwangila bai san wannan ba, ko kuwa ya sani ya yi shiru?

Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gaɓar Puget Sound an riga an toshe ta da bango. A wurin shaƙatawa na Seahurst da ke garin Burien, kusa da Seattle, sai da aka fasa bangon gaɓar a 2005 da 2014 don yashi ya dawo. Seattle kuwa ta kashe ɗaruruwan miliyoyin dala kan sabon bangonta, har da gilashi a daɓen masu tafiya don haske ya kai ga kifi. Ku taku gaɓar tana nan kyauta.

Ba a gina bango sai da izinin hukumar kifi da namun daji ta jihar, da na birni. Ka tara maƙwabta ku rubuta ƙorafi kafin wa'adi ya cika, ku kuma sanar da ƙabilun Muckleshoot da Suquamish, 'yan asalin yankin, waɗanda kotu ta tabbatar wa haƙƙin kamun kifi a shekarun 1970.