Yaya ake cewa "a riƙa sanar da ni" da Turancin ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina aiki da wani kamfani mai shigo da kayan gini ta tashar Apapa. Kusan kullum sai na rubuta imel ga ejan ɗin da ke fitar mana da kwantena, ko ga manajanmu, wani lokaci kuma ga kamfanin ƙasar waje da muke sayen kaya a hannunsa. Na saba rubuta "update me" ko "kindly revert back", sai wani abokin aiki ya ce mini wannan ba Turancin ofis ba ne. Wace jimla ce ta dace idan ina so a riƙa sanar da ni halin da ake ciki, ba tare da na yi kamar mai ba da umarni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikin naka ya yi gaskiya. "Update me" ba ta da aibu a nahawu, sai dai umarni ce tsirara, tamkar ka shiga wurin mutum ba sallama ka ce "ba ni labari". Tsakaninka da tsaranka a WhatsApp babu laifi. Ga manaja ko wani kamfani kuwa, tana da kaushi.

Jimlar da za ka riƙe, wadda za ta shiga kowane ofis daga Ikeja har Landan, ita ce: "I would appreciate it if you could keep me informed of any developments." Wato zan ji daɗi in za a riƙa sanar da ni duk abin da ya taso. Ƙanwarta ita ce: "I would be grateful if you could keep me updated on the progress of the shipment." Ladabin duka yana cikin kalmomi biyu, "would" da "could". Su ne ke mayar da umarni roƙo, kamar yadda Bahaushe zai ce "ko za a taimaka a sanar da ni" maimakon "sanar da ni". Kada ka musanya "would" da "will", kuma kada ka yar da 'yar kalmar nan "it" da ke bayan "appreciate". Mutane da yawa na rubuta "I will appreciate if you can", a fahimce su kuwa sarai, amma duk wanda idonsa ya saba da wasiƙun ofis zai ga giɓin.

Sai dai mutum uku ka ambata, kuma riga ɗaya ba za ta yi musu duka ba. Ejan ku kuke biyan sa, sanar da ku na cikin aikinsa, don haka ba sai ka yi ta durƙuso ba. "Please keep me updated on the clearance of the container" ta wadatar. Ga kamfanin waje da sunan kamfaninku kake magana, sai ka bar "I" da "me" ka koma "we" da "us": "Please keep us informed of any change to the shipping schedule." Na manaja ne ke son lura. A al'adar ofis na ƙasa ne ke kai wa na sama rahoto, shi ya sa ko da "please" a gaba, "keep me updated" kan iya sauka a kunnen oga kamar ka ɗora masa aiki. Gara ka ware abu guda da kake jira, ka mayar da shi tambaya: "Could you please let me know once the payment has been approved?" Ka nemi abin da kake buƙata, ba ka taka kowa ba.

Kurakuran da aka fi yi ƙanana ne. Bayan "keep me" dole "update" da "inform" su ƙare da "ed": "keep me updated", "keep me informed". "Keep me update" kuskure ne. Kowace kuma da 'yar rakiyarta: "informed" da "of" ko "about", "updated" da "on". Kalmomin "information", "feedback" da "progress" a wannan ma'ana ba su ɗaukar "s" na jam'i, amma "updates" da "developments" suna ɗauka.

Akwai manyan riguna biyu da za ka riƙa gani a wasiƙun lauyoyi da na hukumomi: "keep me apprised of" da "keep me abreast of". Duka daidai ne, duka kuma "of" ke bin su. Ta farkon tana da tarko. "Apprise" sanarwa ce, "appraise" kuwa kimanta abu ce ko yi masa kuɗi, kamar yadda ake auna ƙwazon ma'aikaci a ƙarshen shekara. Harafi ɗaya ya raba su, kuma kwamfuta ba lallai ta ja maka jan layi ba, tunda duka kalmomi ne na gaskiya. Wanda ya rubuta "keep me appraised" ya roƙi a riƙa kimanta shi ke nan. A ganinmu, in ba lauya kake rubuta wa ba, "informed" ta fi maka kwanciyar hankali. Su kuwa "keep me posted" da "keep me in the loop" na tsakanin waɗanda suka saba da juna ne. Ajiye su sai an yi sabo.

Yanzu "kindly revert back". A ofisoshin Legas, kamar a Indiya, "revert" na nufin a ba da amsa, kuma kowa ya san da haka. A Turancin Ingila da Amurka kuwa ma'anarta ta yau da kullum ita ce abu ya koma yadda yake a da. Ƙara mata "back" maimaici ne, don komawar na cikinta. Ga baƙo, rubuta "reply" ko "respond", ko "get back to me" in akwai sabo. "Kindly" ma a nan alamar ladabi ce, amma a can wasu na jin ta a matsayin tsohon yayi, wasu ma kamar gargaɗin wanda ya fara ƙosawa. "Please" ba ta da wannan matsalar a ko'ina. Kuma ɗaya ake ɗauka, ba a haɗa "please kindly".

Abin da muka fi so ka kula da shi ya wuce zaɓen kalma. Duk kyawun "keep me informed of any developments", ba ta gaya wa mutum yaushe zai rubuto ba. Shi ka bar wa hukuncin abin da ya cancanci a kira sabon labari, kuma ejan da ke fama da takardun kwastan da layin manyan motoci a Apapa zai iya yin mako guda yana ganin babu abin faɗa. Kai kuma a makon nan kwanakin da kamfanin jirgi ya bayar a riƙe kwantena kyauta suna ƙarewa, kuɗin jinkiri na hawa kullum. Don haka ka sa abu uku a cikin roƙon: a kan me, sau nawa, ta wace hanya. Ga misali:

"Dear Sir,
I would be grateful if you could keep me informed of the progress of the clearance. A brief update by email every Monday and Thursday would be sufficient. Should there be any delay or additional charge, please let me know immediately.
Yours faithfully,"

Jimla ta biyu ta yanka ranaku, Litinin da Alhamis, ta kuma sauƙaƙa masa da cewa gajeren bayani ya isa. Ta uku ta ware abin da ba ya jiran ranar rahoto, wato jinkiri ko ƙarin kuɗi. "Should there be" ba tambaya ba ce, "if there is" ce ta sa babbar riga, don haka ba a sa mata alamar tambaya. A layin take na imel ɗin ka rubuta lambar kwantenar, domin ejan ɗaya na iya riƙe da kayan mutane da yawa. Rufewar kuwa ita ce dai wadda aka koya mana don jarrabawar WAEC: "Dear Sir" na tafiya da "Yours faithfully", in ka ambaci sunan mutum sai "Yours sincerely".

In akwai wa'adi, faɗe shi ƙarara. "At your earliest convenience" tana da daɗin ji, amma ma'anarta "in ka samu sarari", wanda bai ɗaure kowa ba. Rubuta "by Friday, 5 June", da sunan watan a rubuce. In ka sa 5/6, mutumin Legas zai karanta 5 ga Yuni, Ba'amurke ya karanta 6 ga Mayu. Haka batun awa: Dubai na gaban Legas da awa 3, Sin da awa 7, ƙarfe 4 na yamma a Apapa ƙarfe 11 na dare ne a Guangzhou. "By close of business" kaɗai ba ta nuna tashin ofishin wa ake nufi ba, sai ka ƙara "Lagos time".

Idan ranar ta wuce shiru, kada ka buɗe sabon imel. Koma kan na farko ka amsa a ƙarƙashinsa, don ya ga abin da ka nema da ranar da ka nema: "I am writing to follow up on my email of 2 June. Could you please provide an update on the status of the container?" Guji "I am still waiting", sautinta na zargi ne. In za ka rufe da cewa kana sauraron amsa, "I look forward to hearing from you" ake rubutawa, da "ing" a jikin "hear".