Ku Tambayi Majo: Ɗana yana su a teku cikin hunturun Turawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Majo. Ni uwa ce, ina unguwar Zariya nan Maradi. Ɗana yana karatu a Brest, can Faransa. Makon jiya ya turo mini hoto ta WhatsApp, yana zaune cikin wani ɗan jirgin roba mai cin mutum ɗaya da suke kira kayak, riƙe da kifi, ga ruwa iyakar ganinka. A watan Janairu fa! Ya ce abokan karatunsa ne suka koya masa, kuma kada in damu tunda a Gulbi ya koyi iyo, hutu kuwa a Madarunfa yake yin sa wajen kawunnansa masunta. Tun ranar barcina rabi da rabi ne. Na sayi manyan rigunan auduga masu kauri zan ba wani mai tafiya ya kai masa. Sun isa? Ko in hana shi kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya ba shi sa'ar karatu. Damuwarki tana kan hanya, sai dai ba inda kika sa ta ya kamata ta zauna ba. Ke sanyin iska kike ji masa. Ni kuwa ruwan da ke ƙarƙashin jirgin nake ji masa, domin duk mai hawa kayak, komai gwanintarsa, wata rana sai ya kife. Saboda haka ruwa ake yi wa shiga, ba iska ba.

Tekun Brest a ƙarshen hunturu yana wajen digiri 10. A baki lambar ba ta da ban tsoro, tunda mu ma nan asubar Janairu takan sauko kusa da haka, mu ja bargo mu sha kunu mu fita. Amma ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Ina so ki gwada wani abu yau. Ki sa a sayo ƙanƙara, ki zuba a roba da ruwa, ki tsoma hannu har wuyansa minti biyu ko uku, sannan ki fitar ki ce za ki sa zare a allura ko ki ɓalle maɓallin riga. Za ki ga yatsun kamar na aro. To da irin waɗannan yatsu ake so ɗanki ya kama gefen jirgi mai santsi ya ja kansa sama, igiyar ruwa tana dukan fuskarsa.

Maganar iyon Gulbi kuma, ki gaya masa in ji ni: ba na raina ta, amma ba ta da aiki a minti na farko. Mutum na faɗawa ruwan da ke ƙasa da digiri 15, jiki yakan ja wani dogon numfashi da kansa, ba da izinin mai shi ba, sai haki ya biyo, zuciya ta hau bugu. In kai yana cikin ruwa lokacin wannan jan numfashi, ruwa ne zai shiga huhu. Da yawan waɗanda ruwan sanyi ya ci, a nan suka tafi, tun sanyin bai kai cikin jikinsu ba, kuma akwai gwanayen iyo a cikinsu. Wani malamin jami'ar Manitoba a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da lambobi uku, 1-10-1: minti 1 na kame numfashi, kimanin minti 10 da hannu da ƙafa za su yi aiki, sannan kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Wannan awa ɗayar mai rigar ceto ne kaɗai yake samunta. Wanda ba shi da ita, da hannuwansa sun mutu sai ya nutse.

Don haka ki sake duba hoton nan. Akwai rigar ceto, wata falmaran mai kumburi da ke hana mutum nutsewa, a ƙirjinsa, ɗaure da maɗauri? In babu, wannan ce magana ta farko da za ku yi. A jiki ake sa ta, a ɗaure tamau, tun daga bakin gaɓa. Wadda aka cusa bayan kujera ba ta ceci kowa ba.

Rigunan audugar da kika saya, ki aika masa ya riƙa sawa a ɗaki, zai ji daɗinsu. Kan ruwa kuwa kada ya kuskura. Kin san yadda masu tafiya suke naɗe jarka da buhu su jiƙa shi, iska na bugawa ruwan ciki yana sanyi? Haka jiƙaƙƙiyar auduga take yi wa mutum. Tana shan ruwa da gumi, ta manne da fata, ta ƙi bushewa, ga nauyi. Wandon jins shi ne mafi muni.

Masu wannan su a can iri biyu suke sawa. Akwai rigar roba mai laushi ta niyofirin, irin ta masu nutso, wadda take matse jiki, ɗan ruwan da ya shiga ya ɗumama ya tsaya. Tana da sauƙin kuɗi, amma mai fatsa zaune yake awa da awanni ba motsi, kuma in ta jiƙe iska tana ratsa ta, sai an ɗora wata rigar tare iska a kai. Akwai kuma wadda na fi so wa ɗanki: riga da wando a haɗe, wadda ruwa ba ya shiga sam, da roba mai kama wuya da wuyan hannu, da zif na musamman. Ita kanta ba ta da ɗumi. Abin da ke ƙarƙashinta ne ɗumin: ƴar shara mai tsotse gumi a jikin fata, sannan ulu ko makamancinsa a kai, hawa biyu in sanyi ya yi tsanani. Sai safar ulu, takalmin niyofirin mai ɗan yalwa don kada jini ya tsaya a yatsun ƙafa, hular da ta rufe kunne, da safar hannu. Hannu ne ya fi wahala, domin mai su dole ya taɓa kifi da ƙugiya. Ya riƙe ƙaramin tawul a cikin riga yana goge hannu, da safa ta biyu busasshiya cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Mutanen Inuwit na ƙasar ƙanƙara, waɗanda suka ƙirƙiro kayak, da fatar dabbar ruwa suke ɗinka riga su ɗaure ta da bakin jirgin, ko sun kife ruwa bai taɓa cikinsu ba.

Rigar nan tana cin ɗaruruwan yuro, kuma yuro 100 kusan jaka 66 ne na kuɗinmu. Na san ba ƙaramin abu ba ne. In akwai abin da za ki taimaka da shi, nan ya kamata ya tafi. In kuwa babu hali, sai ya jingine filafilinsa har bazarar can, ya riƙa jefa fatsa daga bakin gaɓa. Ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma halin tekun kansa, wanda tafkin Madarunfa bai koya masa ba. A Brest ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a kwana, kuma a manyan ranaku tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 6 zuwa 7. Duk wannan ruwa ta wata ƴar matsattsiyar ƙofa yake shiga babban lungun da garin yake bakinsa, yana gudu fiye da yadda hannu zai iya tuƙi. Sabon shiga ya tsaya can ciki, kusa da gaɓa. Ya ji tsoron iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku, domin ita ce take kwantar da ruwan bakin gaɓa ya yi lumui, alhali tana tura mutum waje. Yinin ma gajere ne: a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 9, wajen 5 da rabi ta faɗi. Dokar Faransa kuma ta ce jirgin da tsawonsa bai kai mita 3 da rabi ba kada ya wuce mita 300 daga inda zai iya fakewa.

Kada ya fita shi kaɗai, ko sau ɗaya. Ya bar wa wani a tudu labarin inda za shi da lokacin dawowa. Usur, wuƙar yanke igiya, da waya cikin jakar roba su kasance a jikin rigar ceto, ba cikin jirgi ba, don jirgin yakan tsere wa mai shi. Lambar ceto a teku a Faransa 196 ce, a rediyon jiragen ruwa da ake kira VHF kuma tasha ta 16. Ya ɗaure filafili da jirgin. Fulas ɗin shayi mai sukari da ɗan dabino ba ado ba ne, da su jiki yake hura wutarsa. Abin da na fi matsa masa a kai shi ne ya shiga ƙungiyar masu kayak ta garin, su kai shi ruwa marar zurfi, ya kifar da jirgin da gangan sanye da duk kayansa, ya koma sama, ya maimaita har abin ya zama jiki.

Batun hani, Hajiya, ke kika haife shi, kin fi ni saninsa. A ganina yaron da ke nisan duniya, in aka ce masa kul, hoton kawai zai daina turowa. Gara ki zama wadda yake kira kafin ya fita da bayan ya dawo. Ki tambaye shi: digiri nawa ruwan yau? Da wa za ka? Ina rigar ceto? Ki sa masa albarka, ki ce ki ji muryarsa kafin magariba.

Tambaya: Baba Majo, ni masunci ne a Madarunfa. Da hunturu in muka fito ɗaga taru da asuba, wani lokaci yaro yakan yi ta karkarwa har ya kasa magana. Mukan zaunar da shi bakin wuta mu murza masa hannu da ƙafa. Daidai ne?

Amsa: Sannu da aiki, ɗana. Niyyar ta yi kyau, amma a gyara hanyar. Ruwan tafkinku bai kai na teku sanyi ba, sai dai jiƙaƙƙiyar riga da iskar hunturu sun isa su sauke zafin jikin yaro ƙasa da digiri 35, musamman siriri wanda ya fito cikinsa ba komai. Na sha karɓar irinsu lokacin ina aikin asibiti: leɓe ya yi toka, yatsu sun ƙage a lanƙwashe, ka tambayi sunansa harshe ya yi nauyi.

Ku fara kai shi inda iska ba ta bugu, ku tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, ku tsane jikin, ku kwantar da shi kan tabarma da buhu a ƙasa, ku lulluɓe shi har kai. Ƙirji da ciki ake ɗumamawa tukuna. In babu komai, babba ya rungume shi cikin bargo ɗaya. Murza hannu da ƙafa a bar shi, domin yana koro jinin da ya yi sanyi zuwa zuciya. Kada a manna shi da wuta, fatar da ta mutu da sanyi takan ƙone mai ita bai ji ba. In yana cikin hankalinsa yana iya haɗiya, a ba shi koko ko shayi mai sukari kaɗan-kaɗan. Wanda yake layi ko gyangyaɗi, kada a ɗura masa komai.

Karkarwa alama ce jiki yana faɗa. In ta tsaya alhali yaron bai ɗumama ba, ya yi shiru, yana son barci ko yana sambatu, abin ya yi nisa. A ɗauke shi a kwance, a hankali ba jijjiga, a kai shi likita nan take. Gobe kuma kowane yaro ya sha abu mai zafi kafin ya shiga ruwa, ya bar busasshiyar riga ƙulle cikin leda a bakin gaɓa.