Sayen gidan haya a Unguwar Rimi: haya za ta fitar da kuɗin kuwa?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka zuba kuɗin sallamarka a gidan haya a Unguwar Rimi ko Malali a cikin garin Kaduna. A ganina, a'a, in dai da hayar za ka ci abinci.

Kaduna matattarar 'yan fansho ce tun tana hedikwatar Jihar Arewa: tsofaffin hafsoshin soja, manyan sakatarori, alƙalai. Irin waɗannan ba sa gaggawar sayar da gidajensu. Gidan yakan fito kasuwa ne bayan rasuwa, in magada sun zo rabon gado, kuma fili ake yi wa kuɗi, ba ginin ba. Shi ya sa farashi ke sama, haya kuwa ba ta bin sa.

Yi lissafi da kanka. A ce ka saya naira miliyan 100, ɗan haya na biyan miliyan 4 a shekara. Kashi 4 cikin ɗari ke nan, kafin ka cire la'adar dillali, gyaran rufin da ke yoyo da damina, famfon burtsatse, da watannin da gidan zai zauna ba kowa. Tsofaffin gidajen nan fa cin kuɗi gare su.

Su wa za su iya biyan wannan hayar ma? Ƙaramin ma'aikaci ba ya iyawa, sai ya nufi Rigasa ko Millennium City. Can ƙananan gidaje masu ɗaki biyu da falo suka fi saurin samun mai kamawa, musamman kusa da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da ke aiki tun 2016.

Ko ina ka zaɓa, kai takardun gidan KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a tantance, in na gado ne kuma ka tabbatar duk magada sun sa hannu kafin ka biya ko sisi.