Zuwa ga ɗan ƙanwata: shin Paparoma ya soke wuta?

Ɗana, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da sauran 'yan gida. Na kalli bidiyon da ka turo, na kuma ji tambayarka, wai shin gaskiya ne mu Katolika mun daina yarda akwai wuta, har Paparoma da kansa ya faɗa. Na san ba da gatse ka tambaya ba. Kai Musulmi ne, ni kawunka Kirista, tsatso ɗaya muka fito daga ƙasar Malumfashi, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji daga masu yanka bidiyo don tara mabiya. Na rubuta a fili ne ko wani mai irin tambayarka zai amfana.

Ba a soke wuta ba, kuma babu Paparoman da yake da ikon soke ta. Amma jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba. A watan Maris na 2018 wani tsohon ɗan jarida a nan Italiya, Eugenio Scalfari, wanda ya kafa jaridar La Repubblica, ya rubuta cewa marigayi Paparoma Francis ya gaya masa babu wuta, rayukan miyagu ɓacewa kawai suke yi. Mutumin yana da shekara 93 a lokacin, bai yarda da Allah ba, kuma an san shi da cewa ba ya naɗar hira, ba ya rubuta komai sai ya koma gida. Nan take fadar Batikan ta fito ta ce waɗannan kalmomi nasa ne, kada a ɗauke su a matsayin abin da ya fito daga bakin Paparoma. Sai kuma Janairun 2024, a wata hirar talabijin, Francis ya ce yana son ya riƙa tunanin wuta babu kowa a cikinta, yana fatan haka ne. Kafin ya faɗa sai da ya gitta cewa wannan ba aƙida ba ce, abin da ke ransa ne. Wannan gittawar ce masu bidiyo suke yankewa.

Abin da ba sa turo muku shi ne na 21 ga Maris 2014. Ranar, a wani coci a Roma, Francis ya zauna da iyalan mutanen da 'yan Mafiya suka kashe, aka karanto sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa. Da ya tashi magana sai ya juya ga makasan da ba sa wurin, ya ce kuɗinsu da ikonsu na jini ne, ba za su tafi da su lahira ba, su tuba tun da sauran lokaci don kada su ƙare a wuta. Wanda bai yarda da wuta ba ba ya magana haka.

Koyarwar a rubuce take cikin Katikizim, littafin koyarwar cocin Katolika, da aka fitar a 1992, sakin layi na 1033 zuwa 1037. Wuta gaskiya ce, kuma ba ta da ƙarshe. Wanda ya mutu da babban zunubi a wuyansa bai tuba ba, can zai nufa. Babban zunubi a wurinmu sai abu uku sun haɗu: laifin ya zama mai nauyi, mutum ya san mai nauyi ne, ya kuma aikata da ganganci ba tilasta shi aka yi ba. Azabar da ta fi kowace zafi ita ce rabuwa da Allah har abada. Sannan an faɗa ƙarara cewa Allah bai ƙaddara wa kowa wuta ba, mutum ne yake juya baya da kansa, ya kafe a kan haka har rai ya fita. Paparoma John Paul na Biyu ya yi bayani a Yulin 1999 cewa wuta ta fi zama halin da mai juya wa Allah baya yake shiga, fiye da wani wuri da za a nuna da yatsa. A lokacin ma an yi ta kururuwa cewa ya soke ta.

To, in haka ne, me ya sa maganar ta samu karɓuwa? Domin akwai abin da ya canza, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wa'azin ne ya canza.

A nan Padova inda nake zaune akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin sujada da wani attajiri mai suna Enrico Scrovegni ya gina, aka keɓe shi a 1305. Mahaifinsa ya yi suna wajen cin riba, har mawaƙin nan Dante ya jefa shi cikin masu cin riba a wutar da ya siffanta. Mai zane Giotto ne ya ƙawata bangon. A saman ƙofar fita ya zana ranar shari'a, yadda duk wanda ya gama addu'a ya juyo zai yi ido huɗu da ita. Almasihu yana zaune a tsakiya, daga gefensa na hagu kogin wuta yana kwararowa yana kwasar mutane zuwa ƙasa. Can ƙasan ga Shaiɗan, ƙato, shuɗi-shuɗi, yana cusa mutum a baki, wani kuma a hannunsa. Ga waɗanda aka rataye, ga Yahuza wanda ya ci amanar Yesu. Har malaman coci suna cikin waɗanda aka kwasa, mai zanen bai ɗaga wa kowa ƙafa ba. Mutanen da ba su iya karatu ba, wannan bangon ne littafinsu. Yau kuwa sai ka sayi tikiti, a zaunar da ku a wani ɗaki don kada danshin jikinku ya ɓata fenti, a ba ku 'yan mintoci ku kalla, ku fito. Yawancin masu shiga fasahar suka zo gani.

Tsofaffin unguwarmu sun riski ƙarshen wancan zamani. Suna ba da labarin masu wa'azi da akan gayyato gari su yi kwanaki, a ware dare guda sukutum don mutuwa da hisabi da wuta, mutane su fito jiki yana rawa su yi layin furta zunubi a gaban fada, wato limamin coci. Bayan babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965, sai murya ta sauka. Aka fi karkata ga ƙaunar Allah da jinƙansa. Yanzu kana iya yin shekara kana zuwa coci kowace Lahadi a nan ba ka ji fada ya tsaya a kan wuta ba. Wasu suna tsoron kada su kori 'yan tsirarun da suka rage a kan benci, wasu kuma su kansu an tsorata su suna yara, sun yi alkawarin ba za su yi wa wani haka ba.

Amma ba ta bar bakin mutane ba. Kafin sujadar yamma a cocinmu wasu tsofaffin mata sukan riga kowa zuwa, su zauna a layin gaba da carbinsu. Wata mai sanda ce take ja, muryarta har ta dushe. Duk bayan ƙwaya goma sai su haɗa baki su ce, ya Yesu, ka gafarta mana zunubanmu, ka tsare mu daga wutar jahannama, ka kai dukan rayuka sama, musamman waɗanda suka fi bukatar jinƙanka. Sau biyar a zagaye ɗaya, kowace rana. Addu'ar ta fito ne daga garin Fatima na ƙasar Fotugal, inda yara uku makiyaya suka ce an nuna musu wuta a watan Yuli na 1917. Ka lura da ita da kyau: mai yin ta ba kansa kaɗai yake roƙa wa ba, har wanda ya fi kowa lalacewa ya sa a ciki. Irin wannan fatan ne Francis ya furta a talabijin.

Akwai kuma abin da ya bambanta mu da 'yan'uwanmu na ECWA da sauran ɗariƙu. Mun yarda akwai tsarkakewa bayan mutuwa ga wanda ya rasu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa a tare da shi. Wannan ba wuta ba ce, mai shiga cikinta ƙarshensa aljanna. Shi ya sa ranar 2 ga Nuwamba maƙabartun Italiya suke cika, a wanke kabari, a ajiye furanni, a yi wa mamaci addu'a.

Ni dai a ganina shirun ya yi yawa. Ba na marmarin a koma firgita yara, domin tsoro kaɗai ba ya riƙe mutum da zarar ya girma. Amma Yesu da bakinsa ya yi maganar, kuma dubi a kan me ya yi ta. A Bisharar Matiyu sura 25, waɗanda aka kora zuwa wuta ba a tuhume su da kisa ko sata ba. An ce musu, na ji yunwa ba ku ba ni abinci ba, na zo baƙo ba ku sauke ni ba, ina kurkuku ba ku leƙo ni ba. A Luka sura 16, mai arzikin nan bai taɓa dukan matalauci Li'azaru ba, tsallake shi kawai yake yi a ƙofar gida. Ƙasar nan ta Italiya ita ce gaɓar da 'ya'yanmu suke nufa in sun bi ta Agadas da Libiya, wasu su iso, wasu teku ta cinye su. Na ga yaro ɗan Afirka yana kwana a tashar jirgin ƙasa cikin sanyin Janairu, jama'a suna ratsa shi, cikinsu har da mu da muka riga shi zuwa muka samu takarda. Fadan da ya karanta waɗannan ayoyi a irin wannan gari ya kuma sassauta su, ya tauye wa masu sauraronsa haƙƙi. Gargaɗin nan na masu hali ne da masu iko kafin kowa, kuma shi ne tabbacin da wanda aka zalunta yake da shi cewa ba a ci bulus ba.

Saura tambayar da ba ka yi ba, amma na ji ta a ƙarƙashin wadda ka yi: mu, me muke cewa game da ku? Ba zan yi maka kwana-kwana ba. An yi zamanin da coci ya yi magana mai tsauri. A taron shugabannin coci a birnin Florence, a 1442, an rubuta cewa wanda yake wajen coci makomarsa wuta. Mun kuma yarda har gobe cewa ceto ta wurin Almasihu yake zuwa, kamar yadda kai ma kake da abin da ka riƙe ba ka sayarwa. Amma a 1964 wancan babban taro na Batikan ya ambaci Musulmi da suna, ya ce shirin ceto ya haɗa da su, masu bauta wa Allah ɗaya, mai jinƙai, wanda zai yi wa 'yan Adam shari'a a ranar ƙarshe. Ya ce wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin abin da lamirinsa ya nuna masa, yana iya samun tsira. Ba kowane Kirista ne ya yarda da wannan ba, za ka ji masu wa'azi a kasuwa suna faɗin akasinsa, amma koyarwar Katolika ke nan.

Cocinmu ya ayyana dubban mutane a matsayin waliyyai, ya ce suna wurin Allah. Bai taɓa kama sunan mutum ɗaya ya yanke hukunci a hukumance cewa wannan yana wuta ba, ko da Yahuza ne. Don haka in wani ɗan Katolika ya nuna ka, ko mahaifiyarka, ya ce ku 'yan wuta ne, ya faɗi abin da Paparoma ma ba shi da hurumin faɗa. Ka gaya masa kawunka ya ce ya buɗe Katikizim, sakin layi na 841 da na 1037, ya karanta.

Kawunka, daga Padova.